Saƙar Wilin Keke a Birnin Duwala

Wilin keke abu ne da kowa ya saba gani, har ba a cika tsayawa a tambayi yadda aka yi shi ba. Mutum yana iya ɗaga shi da yatsa biyu, amma ga shi yana ɗaukar ƙato da buhun masara a kan kariya, ya bi da su cikin ramuka shekara da shekaru. Ƙarfinsa yana cikin siraran wayoyin nan da aka ja tsakanin hob, wato cibiyar wili, da rim, wato zoben da taya take hawa. Masu gyaran keke a Nijeriya suna ce da wayoyin nan sifok, a Kamaru kuwa an fi saninsu da sunansu na Faransanci, rayon. A Duwala, birnin da babbar tashar jiragen ruwa ta Kamaru take, wurare biyu ne sana'ar jan wayoyin nan ta zauna. Ɗaya Bassa, inda masana'antu suke. Ɗaya kuwa New Bell, unguwar baƙi, inda Hausawa suka yi zango fiye da shekara 100 ke nan. Tsakaninsu 'yan kilomita ne kawai, amma abin da hannu yake koya a wannan dabam yake da na wancan.

Sai dai kafin a kai Duwala, ya kamata mai karatu ya san inda wilin waya ya fito. Kekunan da aka fara yi a Faransa wajen 1860 zuwa 1868 ƙafafun katako gare su, da zoben ƙarfe, kamar na amalanke. Suna da nauyi, suna kuma girgiza mahayi har ƙashi. A 1869 wani maƙeri a Faris, mai suna Eugène Meyer, ya yi rajistar wili mai wayoyi waɗanda ake iya ɗaure kowace ɗaya ita kaɗai. A 1870 James Starley da William Hillman, a garin Coventry na Ingila, suka fito da kekensu mai suna Ariel, shi ma da wayoyi. Amma wayoyin farko miƙe suke tafiya sak daga hob zuwa rim kamar hasken rana, saboda haka in mahayi ya taka feda da ƙarfi sai hob ya ɗan murɗa kafin rim ya bi shi. A 1874 Starley ya warware wannan matsala. Ya sa kowace waya ta tashi a karkace daga gefen hob, rabinsu suna fuskantar gaba, rabi baya, suna gicciye juna. Wannan ita ce saƙar da ake yi har wa yau. Ɗan ɗan'uwansa, John Kemp Starley, shi ya yi keken Rover a 1885, mai sarƙa da ƙafafu biyu kusan daidai da juna, irin wanda kowa ya sani. A 1888 kuma wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya ɗora wa keke tayar da ake hura wa iska.

Yadda wilin waya yake ɗaukar kaya yana da wuyar ganewa da fari, gama waya ba ta iya tokare kome, da an danna ta sai ta lanƙwashe. Wanda ya san kalangu zai fi saurin fahimta. Igiyoyin kalangu a jaye suke tun kafin makaɗi ya taɓa su, jan da suke yi wa fatun nan biyu shi yake riƙe gangar. Haka wili yake. Kowace waya an riga an ja ta da ƙarfin da zai iya kai nauyin kilo 100 a wilin da aka saƙa da kyau, dukansu kuwa suna jan rim zuwa tsakiya. Sa'ad da mahayi ya hau, 'yan wayoyin da suke ƙasa, kusa da inda taya ta taɓa hanya, sai su ɗan saki kaɗan daga cikin jan da aka yi musu, da wili ya juya kuma su koma yadda suke. Muddin ba su saki gaba ɗaya ba, wili yana nan da ƙarfinsa. Wayar da take kwance ba ja, ita ce mai kawo ɓarna, domin notinta yakan warware da kansa, wuyanta kuma ya yi ta motsi a ramin hob har ya karye.

Tayar Dunlop ta taɓa Kamaru tun kafin keken ya yawaita a can. Masu yin taya a Turai sun bukaci danƙo mai yawa, kurmin kudancin Kamaru kuwa yana da itatuwan danƙo. Jamusawa sun kama bakin gaɓar ƙasar bisa ga yarjejeniyar da suka yi da sarakunan Duwala, Bell da Akwa, a ranar 12 ga Yuli 1884, kuma kafin 1913 danƙo ya zama babbar hajar da ƙasar take fitarwa. Fataken Hausawa, waɗanda da ma suna zirga-zirga a Adamawa ta Yola da Garwa da Ngaundere da Tibati da Banyo, suka gangara kudu suna sayen danƙo da goro da hauren giwa, suna sayar da tufafi da kayan fata da nama. Ta haka waɗansunsu suka kai bakin kogin Wuri.

Unguwar da suka zauna a ciki, zalunci ne ya haife ta. Daga 1910 gwamnatin Jamus ta ƙudura za ta ƙwace filayen mutanen Duwala da suke bakin kogi domin Turawa su zauna su kaɗai. Za a tura 'yan ƙasa can baya, a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakani wanda ba mai gini a cikinsa. Wurin da aka keɓe wa gidan Bell shi aka kira New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi, ya yi ta kai ƙara har majalisar Jamus. Aka tuhume shi da cin amanar ƙasa, aka rataye shi tare da magatakardansa Ngosso Din a ranar 8 ga Agusta 1914. Bayan mako bakwai, ranar 27 ga Satumba, birnin ya faɗa hannun sojojin Ingila da Faransa, daga 1916 kuwa Faransa ta riƙe shi. Yawancin mutanen Duwala ba su yarda su tare a New Bell ba, sai baƙi suka cika ta: Bamileke daga tuddan yamma, Bassa, Ewondo daga wajen Yawunde, Yarbawa, da Hausawa, kowa da shiyyarsa. Har yanzu akwai shiyyar da ake kira New Bell Haoussa. Wuri ne mai ƙasa-ƙasa, mai riƙe ruwa, lungunansa matsattsu. Amma leburorin tashar jirgin ruwa da na jirgin ƙasa nan suke kwana, kowace safiya kuwa sai sun ƙetare zuwa Bonanjo ko Akwa wurin aiki. Mutumin da aka ajiye shi nesa da wurin aikinsa, in ya tara 'yan kuɗi, keke yake fara tunani.

A nan ne wani abu ya faru wanda ya sa mai gyaran keke na Duwala ya zama sai ya san harshe biyu na ƙarfe. Kekunan Faransa, irin su Peugeot, da ma'aunin milimita aka yi su, wilinsu na gaba da na baya kowanne waya 36. Kekunan Ingila kuwa, Raleigh da Hercules da Phillips, da ma'aunin inci aka yi su, bisa ga al'adarsu kuma na gaba waya 32 ne, na baya 40, domin baya ne yake ɗaukar yawancin nauyi. Waɗannan kekuna sun cika Nijeriya da yankin Kamaru da yake hannun Ingila, su Tiko da Kumba da Victoria wadda yanzu ake kira Limbe. Kogin Mungo ne iyaka, ba shi da nisa da Duwala. Da aka buɗe gadar Wuri a 1955, aka kuma haɗe kudancin Kamarun Ingila da Kamarun Faransa ranar 1 ga Oktoba 1961, hanya ta ƙara buɗewa. Wanda ya zo da kekensa daga Kano ko Yola ko Kumba, ya ɓata masa a Duwala, sai ya tarar rim mai huji 36 ba ya auren hob mai huji 40. Zaren firiwil na Ingila bai yi daidai da na Faransa ba, ko da yake ido ba ya rabe su, in aka tilasta sai zaren hob ya cinye. Feda ma haka. Wanda bai san wannan ba, da sifana a hannunsa zai lalata keken mutum yana tsammani gyara yake yi.

Bassa tana gabashin birnin, ta sami sunanta daga mutanen Bassa waɗanda suka daɗe a wurin. Nan manyan gidajen gyaran jiragen ƙasa suke, waɗanda yanzu suke hannun kamfanin Camrail tun 1999. Bayan samun mulkin kai ranar 1 ga Janairu 1960, gwamnati ta so a riƙa yin kaya a gida maimakon sayo kome daga waje. Kamfanin CICAM, wanda aka kafa a 1965, a wancan zamani yana kaɗa auduga ya saƙa a Garwa, ya kawo yadin Bassa a buga masa zane. Kamfanin Chococam yana sarrafa koko a nan. A 1971 aka kafa hukumar MAGZI domin ta shirya filayen masana'antu ta kuma lura da su, a Bassa da Bonaberi da waɗansu garuruwa. Cikin masana'antun da Duwala ta yi suna da su a wannan zamani akwai La Maison du Cycle, wato Gidan Keke, inda ake harhaɗa kekuna da ƙananan babura. Nijeriya ma ta bi wannan hanya, gama kamfanin Raleigh ya yi masana'antarsa a Kano. Da layin dogo ya kai Ngaundere a 1974, kayan Duwala suka sami hanya mai sauƙi zuwa arewa, inda ƙasa take shimfiɗe, keke kuwa ya fi amfani a can fiye da ko'ina cikin ƙasar.

Masana'antar harhaɗa keke ta wancan zamani, ko a Kamaru ko a wata ƙasar Afirka, yawancin sassan keken a akwatuna suke zo mata. Wilin da aka riga aka saƙa yana cin wuri a jirgi, saboda haka ya fi araha a aiko da rim dabam, hob dabam, wayoyi kuwa a ɗaure dami-dami, kowane dami guda 144. Aikin saƙa sai a rarraba shi. Wani ya zura wayoyi a hob, wani ya kai su rim ya ɗaura noti, wani ya ja, na ƙarshe ya daidaita. Kome sabo ne, rim a miƙe yake tun daga akwati, wayoyi duk an yanke su tsawo ɗaya. Ma'aikacin da ya yi shekara yana wannan aiki hannunsa yakan yi sauri ƙwarai, har ya iya saƙa yana hira bai dubi wilin ba. Ba abin rainawa ba ne. Amma wili iri ɗaya ya sani, kuma bai taɓa ganinsa bayan ya sha damina uku ba. Wannan gani sai a rumfar bakin hanya.

Yaron da aka kai koyon gyaran keke ba ya taɓa wili da wuri. Da fari aikinsa buga famfo ne, da tsoma tif a ruwa a nemi inda iska take fita, da kankare wurin, da liƙa faci. Daga nan ya koyi wanke boris da kananzir, ya lissafa su kada ɗaya ya ɓace a yashi, ya shafa giris. Sa'an nan sarƙa da birki. Yakan yi watanni yana kallon maigida yana saƙa wili kafin a miƙa masa waya ɗaya. Akwai dalili. Facin da bai kama ba, gobe mai keke ya dawo a sake. Wilin da aka saƙa ba daidai ba kuwa yana iya naɗewa a kan gangara da mutum a bisansa. Abin da aka fi fara ba yaro shi ne ya kwance tsohon wili, ya jera wayoyin da suka tsira, ya ware su bisa ga tsawonsu. Waya ta wilin inci 28 takan kai kamar santimita 30 da 'yan kai, bambancin milimita biyu ko uku kuwa ya isa ya ɓata aiki. In ta gaza, noti ba zai kama zare sosai ba. In ta yi tsawo, bakinta ya fito ya huda tif.

Ga yadda ake saƙar mai waya 36. A raba su kashi huɗu, tara-tara. Hob yana da kunne biyu, kowanne da huji 18. Tara na farko a zura su ta waje a kunne ɗaya, ana tsallake huji ɗaya. Ta farkonsu ta je hujin rim da yake kusa da na bawul, sauran kuma a riƙa tsallake huji uku a sa a na huɗu. A juya wilin a yi haka da tara na biyu a ɗaya kunnen, kowace ta sauka kusa da 'yar'uwarta ta farko. Dole a lura, hujojin rim ba a layi ɗaya suke ba, wani ya ɗan karkata dama, na bayansa hagu, kowane kuwa da kunnen da yake fuskanta. Sa'an nan a kama hob a murɗa shi har wayoyin nan 18 su kwanta a karkace. Tara na uku ta ciki ake zura su, su tafi ɗaya fuskar, kowace ta gicciye waya uku: ta haye biyu, ta bi ta ƙarƙashin ta uku. Tara na ƙarshe haka a ɗaya gefen. Mai waya 40 goma-goma ake raba shi, yawanci kuma gicciye huɗu ake yi masa. Maigida ba ya bukatar lissafa kome domin ya san ko yaro ya yi kuskure. Wurin bawul kawai zai duba. In wayoyi biyu na gefen bawul sun tafi kusan a jere sun bar fili, daidai ne. In sun gicciye a kansa har bakin famfo ba zai shiga ba, to, a kwance duka a sake daga fari.

Saƙa ana iya koyonta cikin kwana kaɗan, daidaitawa ce take cin shekaru. A masana'anta akwai abin ɗora wili da allura mai nuna karkata. A rumfa kuwa sai a kife keke a kan sirdinsa, ko a kafa tsohon fok a gungume, a ɗora wilin. Da fari a murɗa dukan notocin su tsaya wuri ɗaya a kan zare, sa'an nan a riƙa zagayawa ana ƙara wa kowane juyi ɗaya, ana farawa daga bawul domin kada a manta inda aka tsaya. Da wayoyi suka fara ƙarfi sai a juya wilin, a riƙe alli kusa da gefen rim, hannu a dafe a kan fok. Inda rim ya karkato, alli zai bar zane. In ya karkata dama, a ƙara ɗaure wayoyin da suka fito daga kunnen hagu a wannan wuri, a ɗan sassauta na dama. Rubu'in juyi ake yi, wani lokaci rabin rubu'i. A goge alli a sake juyawa. Akwai abin da yake rikita kowane sabon yaro: in da sukudireba ake murɗa noti ta bayan rim, dama ce ɗauri, amma in da makullin sifok ake yi, ana kallo ta wajen hob, sai hannu ya ga kamar hagu yake tafiya. Yaro yakan sassauta abin da ya yi niyyar ɗaurewa, karkata ta ƙaru, ya ƙara murɗawa cikin fushi. Yakan ɗaga kai ya ce, "Maigida, wannan rim ɗin ba shi da kyau." Amsar da aka saba ba shi ita ce, "Ɗana, mai da shi inda ka same shi tukuna, sa'an nan mu yi maganar rim."

Bayan karkatar gefe akwai tsalle, wato inda rim ya yi tudu ko kwari, bai zama da'ira sosai ba. Inda ya yi tudu a ɗaure wayoyin dama da na hagu tare, inda ya yi kwari a sassauta su tare. A tsofaffin kekunan nan baƙaƙe masu birkin sanda wannan ya fi kome muhimmanci, domin robar birkinsu ba gefen rim take kamawa ba, cikinsa take ja, ta fuskar da take duban hob. In wili yana tsalle, birki zai riƙa kamawa yana saki, keke yana fizga, ga kuwa kaya a baya. Akwai kuma abu na uku, wanda ya shafi wilin baya. Firiwil ya ci wuri a dama, saboda haka kunnuwan hob ba su zauna tsakiyar firam ba, alhali dole rim ya zauna tsakiya. Sai wayoyin dama su fi na hagu ja. Mai gyara yakan gane ko ya samu ta wurin cire wilin ya juya shi ya mayar, ya ga ko ratar da take tsakanin rim da firam ta sāke.

Wahalar ita ce abubuwan nan uku suna taɓa juna. Gyaran karkata yakan kawo tsalle, gyaran tsalle ya ture rim daga tsakiya. Kuma ana iya samun wilin da ya miƙe sarai a ido, amma wata waya ta yi tsananin ja, maƙwabciyarta tana lilo. Irin wannan mako ɗaya ba zai yi ba. Domin haka gwani yakan bi wayoyin ɗaya ɗaya yana taɓa su da farce ko da sifana kamar mai gwada tsirkiyar molo. Na gefe ɗaya ya kamata su yi amo kusan ɗaya. Mai ƙaramar murya an matse ta, mai amon kwano fasasshe tana kwance. Daga nan ya kama su bibbiyu ya matse da tafin hannu da iyakar ƙarfinsa, ko ya kwantar da wilin a ƙasa ya danna rim da hannu biyu yana zagayawa. Za a ji ƙas-ƙas, wayoyin da suka murɗe suna warwarewa, wuyansu yana zama a ramin hob. Sai a mayar a sake daidaitawa. Wanda ya tsallake wannan mataki, mai keke zai yi masa shi a kan hanya, ya dawo da yamma da wili a karkace. In kuwa ja ya wuce abin da rim zai ɗauka, nan take wilin yakan naɗe kamar faifan da ya sha ruwa ya bushe a rana. A ƙarshe a goge bakin duk wayar da ta fito da zarto, a yanko ɗamara daga tsohon tif a rufe notocin, kāna a sa taya.

Duwala tana da abin da yake ƙara wa wannan aiki wuya, wato ruwa. Ruwan da yake sauka a birnin a shekara ya fi milimita 3,500, alhali na Kano bai cika kai 1,000 ba. A watannin Yuli da Agusta da Satumba lungunan New Bell sukan zama rafi, iskar kuma mai gishirin teku ce. Rim na ƙarfe yakan yi tsatsa daga ciki, ƙarƙashin ɗamara, inda ido ba ya gani. Noti na tagulla ne domin kada ya manne wa waya, amma duk da haka yakan kafe, in aka tilasta masa sai kusurwoyinsa su cinye ko wayar ta tsinke. Saboda haka a ɗiga kananzir ko baƙin mai a kowane noti a bar shi ya kwana. A nan ne hankalin mai gyara yake bayyana fiye da hannunsa. Wilin da ya karkace domin waya ɗaya ta karye, da sauƙi yake komawa. Wanda rim ɗinsa ne ya lanƙwashe a rami, ko mota ta buge shi, wayoyi ba za su miƙar da shi ba sai an sassauta su duka an taka rim ɗin a kan katako. Wani kuwa ya riga ya mutu, duk abin da aka yi masa cin kuɗin mai shi ne kawai. Faɗa wa mai tallan burodi ko mai kai nama gidaje cewa rim ɗinsa ya ƙare, alhali da keken yake ci, ba magana ce mai daɗi ba, akwai kuma jarabar a karɓi kuɗin a ɗan murɗa noti a sallame shi. Unguwa takan san wanda yake yin haka da wanda ba ya yi.

Abubuwa suka fara juyewa daga 1991. A wannan shekara aka yi yajin da ake kira matattun birane, aka yi watanni motocin haya ba sa fita yawancin ranakun mako a Duwala, masu babura suka fara ɗaukar mutane da kuɗi. A watan Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, duk abin da ake sayowa daga Turai ya ninka kuɗi, har da wayar keke. A 1995 kamfanin bas-bas na birni, SOTUC, ya durƙushe. Baburan haya, waɗanda mutanen Duwala suke kira bensikin, suka cika gurbin, bayan shekara ta 2000 kuwa baburan ƙasar Sin masu araha suka malalo. Saurayin da a dā zai zauna shekara uku yana koyon keke, yanzu yana iya hawa babur ya sami kuɗi a ranar farko. Titin ma ya zama da haɗari ga mai keke. A wancan gefen duniya kuma, tun daga shekarun 1970 aka yi injunan da suke saƙa wili su daidaita shi, masana'antun Indiya da Sin suna fitar da wili saƙaƙƙe da kuɗin da wani lokaci bai kai na wayoyi da ladan mai saƙa ba. Kekunan gwanjo daga Turai suka shigo da rim na alminiyam da giya da yawa. Yawancin masu keke suka koma sayen wili sukutum, a jefar da tsohon.

Duk da haka aikin bai ƙare ba, wuri ya sāke. Wilin da inji ya saƙa da gaggawa sau da yawa jansa bai isa ba, sai an bi shi da hannu kafin ya jure kaya. Baburan da suke da ƙafar waya, saƙarsu ɗaya ce da ta keke, wayoyin ne kawai suka fi kauri da gajarta, ramukan Duwala kuwa ba sa barinsu su huta, ko da yake babura da yawa yanzu da ƙafar zubi suke zuwa wadda ba ta da waya ko ɗaya. Akwai kuma keken guragu mai ƙafa uku, wanda ake tuƙawa da hannu, irin wanda ake gani a bakin kasuwanni. Maƙeran unguwa suke haɗa firam ɗinsa, ƙafafunsa kuwa na keke ne. Keke mai ƙafa biyu yakan kwanta in zai sha kwana, nauyi ya bi tsakiyar wili. Mai ƙafa uku ba ya kwantawa, saboda haka kowace kwana tana tura rim ta gefe, ta inda wilin waya ya fi rauni. Ƙafafunsa sukan karkace da wuri, su bukaci waya mai kauri da ja mai ƙarfi, da wanda zai zauna ya bi su ɗaya ɗaya da alli. Mai wannan keke ba ya iya barinsa a rumfa ya tafi gida da ƙafa ya dawo gobe. Yakan sauko ya zauna a kan benci kusa da mai gyara, ya jira har a gama.